Dearborn: Garin da Ford ya gina, Larabawa suka gāda

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malamaina, iyayenmu mata da ke can baya, ɗalibai, assalamu alaikum warahmatullah.

An ce in yi magana a kan garuruwan da ke maƙale a gefen manyan birane. Na ga idan na ce zan zagaye su duka, za mu kai Magariba ba mu tsinana komai ba, shi ya sa na ɗauki guda ɗaya tak: Dearborn, a jihar Michigan ta Amurka. Bango ɗaya suke da birnin Detroit. Kana tafiya a mota a kan titin Warren, sai ka bar Detroit ka shiga Dearborn ba ka sani ba, in ba allon bakin hanya ka lura da shi ba. Amma kada wani ya ɗauka unguwa ce ta Detroit. Gari ne mai cin gashin kansa, da magajin garinsa, da 'yan sandansa, da baitulmalinsa. Ku riƙe wannan, domin duk labarin a kansa yake tafiya.

Sunan na wani janar ne, Henry Dearborn, wanda ya riƙe ma'aikatar yaƙi a zamanin Shugaba Jefferson. A 1833 gwamnati ta soma gina ma'ajiyar makamai a wurin, ƙauye ya taru a gefenta, sauran duk gonaki. A ɗaya daga cikin gonakin nan aka haifi Henry Ford a 1863. Da ya yi kuɗi da mota, sai ya waiwayo gida. Daga 1917 zuwa 1928 ya gina masana'antar Rouge a bakin kogin da ke da wannan suna. Jama'a, wannan ba irin kamfanin da muka saba gani ba ne. Jirgin ruwa ke kawo tama ɗanya ta ƙofa ɗaya, a narka ta a nan, a yi gilashi a nan, a samar da wutar lantarki a nan, mota ta fito da ƙafarta ta ɗaya ƙofar. Akwai lokacin da ma'aikatanta suka haura dubu 100.

To, inda zuma take nan ƙuda ke taruwa. Detroit a lokacin tana ta haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma harajin Rouge ba abin da za a kawar wa kai ba ne. Sai ƙananan garuruwa biyu, Dearborn da Fordson, suka haɗe a 1929 suka zama gari ɗaya, don kada a cinye su ɗaya bayan ɗaya. Magajin gari na farko sunansa Clyde Ford, ɗan uwan mai kamfanin. Ba sai na yi muku fashin baƙi ba. A watan Maris na 1932, da marasa aikin yi suka yi tattaki daga Detroit zuwa ƙofar Rouge, 'yan sandan Dearborn da masu gadin kamfanin suka buɗe musu wuta, mutum huɗu suka mutu a ranar.

Yanzu tsarin mulkin. Magajin gari jama'a ke zaɓensa kai tsaye, wa'adin shekara huɗu, shi ke naɗa shugabannin sassa, shi ke tsara kasafin kuɗi. Majalisa mai mutum bakwai ita ke amincewa da kasafin da kafa dokokin gari. Makarantu kuwa hukumarsu daban, ita ma zaɓenta ake yi. Babban tushen kuɗin shi ne harajin gidaje da filaye da masana'antu. Wato mai gida ya san abin da ya biya, ya kuma san ofishin da zai je ya ɗaga murya idan ba a kwashe shara ba ko ba a share ƙanƙara daga titinsa ba.

Amma irin wannan iko, ya danganta da hannun da ya faɗa. Ga Orville Hubbard, wanda ya riƙe garin daga 1942 zuwa 1978, shekara 36. Wajen hidima ba a kushe shi. A 1948 ya buɗe Camp Dearborn, wurin shaƙatawa mai fiye da eka 600, da tafkuna da tantuna, kuma abin dariyar, ba a cikin Dearborn yake ba, yana can Milford, tafiyar mil 35. A 1967 garin ya sayi bene sukutum a Clearwater ta jihar Florida, don tsofaffinsa su je su huta wa sanyi. Ku ji fa, ƙaramar hukuma da gidan tsofaffi a wata jiha! Sai 2012 aka sayar da shi.

Sai dai wa aka yi wa duk wannan gatan? Taken Hubbard shi ne a tsabtace Dearborn, kuma kowa ya san ba shara kaɗai yake nufi ba. Bai taɓa ɓoye cewa ba ya son baƙar fata su zauna a garin ba. Dubban baƙaƙe suna aiki a Rouge, gumin su ne ke cika baitulmalin, amma da an tashi aiki sai su koma Detroit ko Inkster su kwana. Ni a ganina duk wanda zai yaba lambunan Dearborn, dole ya haɗa da wannan, in ba haka ba rabin labari ya bayar. Ko bayan tafiyarsa, a 1985, an kafa dokar hana wanda ba ɗan gari ba shiga yawancin wuraren shaƙatawa, sai da kotu ta rushe ta.

Ana cikin tsare ƙofar gaba, wasu suna shigowa ta baya. A kudancin garin, gindin hayaƙin masana'anta inda haya ke da araha, Larabawa 'yan Sham da 'yan Yaman masu aikin Ford suka yi sansani, har suka kafa masallaci a titin Dix tun 1938. Yaƙin basasar Labanan da ya ɓarke a 1975 ya koro wasu, rikicin Iraƙi na 1991 ya ƙaro wasu. A zaɓen 1985, ɗan takara Michael Guido ya raba takarda yana maganar abin da ya kira matsalar Larabawa, ya kuma ci zaɓe, ko da yake daga baya ya sasanta da su. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 109,976 a garin, fiye da rabinsu 'yan asalin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. A Nuwamban 2021 suka zaɓi Abdullah Hammoud, ɗan asalin Labanan, Musulmi na farko a kujerar da Hubbard ya zauna. Gunkin Hubbard kuwa tun 2015 aka ɗauke shi daga gaban tsohon ofishin magajin gari.

Abubuwan more rayuwa ba zan tsaya lissafi ba. Akwai gidan tarihin Henry Ford da ƙauyen Greenfield na 1929, akwai reshen Jami'ar Michigan na 1959, akwai tashar jirgin ƙasa. A 2005 aka buɗe gidan tarihin Larabawan Amurka, da katafaren masallacin Islamic Center of America a titin Ford. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne titin Warren cikin azumi. Ƙarfe biyu na dare, gidajen burodi a buɗe, allunan shaguna da Larabci da Turanci, ana layin baƙalawa da shawarma, yara na guje-guje kamar da rana. A azumin 2010 ƙungiyar ƙwallon makarantar sakandaren Fordson ma dare ta mayar da atisayenta, don 'yan wasan su samu su sha ruwa.

Matsala ba ta ƙare ba. Bututun ruwan ƙarƙashin garin sun tsufa, ruwan saman Yunin 2021 ya cika ɗakunan ƙasa na dubban gidaje, kuma mutanen kudancin garin har yau suna kukan hayaƙi. Waɗannan ne ke kan teburin majalisar yanzu. Ita dai wannan hukumar ce a 2023 ta sanya ranar Sallah cikin ranakun hutun ma'aikatanta, da albashinsu cikakke.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Malam da ke ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah, a miƙa masa abin magana.