Gigin Tsufa: Yadda Ake Rarraba Waƙa, Labari Da Aikin Hannu Wajen Jinya

Assalamu alaikum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da gigin tsufa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer, mai lalata ƙwaƙwalwa a hankali, ce sanadi. Har yau babu maganin da ke warkar da ita. Shi ya sa masu jinya ke haɗawa da waƙa, labari da aikin hannu domin rage damuwa da firgici. Sai dai ba kowane aiki ne ya dace da kowane dattijo ba. Kafin a zaɓa, a tambaya: me wannan aikin yake nema daga wurinsa?

Akwai wanda ba ya neman komai sai karɓa. Karatun Alƙur'ani da muryar da Baba ya saba ji, ƙasidar da yake so tun yana saurayi, hotunan hawan Sallah, ƙamshin turaren wuta, ko a ƙunsa wa Inna lalle. Wannan rukuni ne ke saura idan ciwo ya yi nisa har magana ta ragu. Minti 10 zuwa 15 ya isa, kuma a kashe talabijin, domin sauti biyu a lokaci ɗaya na ruɗa su.

Rukuni na biyu ya fi muhimmanci a gidajenmu na Katsina da Daura: aikin da hannu ya riga ya haddace. Abin da jiki ya shekara arba'in yana yi ya fi sunaye da ranaku daɗewa a ƙwaƙwalwa. Tsohuwar da ta manta sunan jikarta na iya ɗaukar mazari ta kaɗa auduga, ko ta ci gaba da saƙar faifai. Malam na iya riƙe alƙalami ya yi rubutun allo. Ke ki fara saƙar, ki miƙa mata a tsakiya, domin farawa ce ke gagararta. A ba da umarni ɗaya, a jira, sannan na gaba. Kada a koya mata sabuwar sana'a, kada kuma a ba ta abin wasan yara, tana jin raini ko da ba ta faɗa ba. Allura da almakashi sai da mai tsaro a gefe. Ƙananan duwatsun ado kuwa a janye su gaba ɗaya idan ta fara kai abubuwa baki.

Na uku yana neman magana: tatsuniya, kirari, ko karin magana da za ka faɗi rabi ya ƙarasa. Ya dace da farkon ciwo zuwa tsakiyarsa. A nan ake yawan ɓata aiki. Aka nuna hoton rijiyar Kusugu ko hasumiyar Gobarau, sai a ce, "Baba, ka tuna ina ne nan?" An mai da hira jarrabawa, kunya ta kama shi, sai ya yi shiru ko ya fusata. A ce, "Baba, me kake gani?" Duk amsar da ya bayar a karɓa.

Daga nan a duba ko za a yi aikin da shi kaɗai ne ko cikin mutane. A Ingila akwai tsarin motsa ƙwaƙwalwa na ƙaramin taro: zama 14, kowane minti 45, sau biyu a mako har mako bakwai, ƙarƙashin wanda aka horar. Na gida ya fi wannan gajarta, kuma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Hantsi ya fi dacewa, domin da yawansu daga la'asar zuwa magariba suke rikicewa. A sa masa tabarau, a zauna inda yake ganin fuskarka. Idan ya fara ɗaure fuska ko neman tashi, a tsaya. A rubuta a littafi abin da aka yi, minti nawa, da yadda ya karɓa. Idan kuwa ruɗewar ta ƙaru kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, a kai shi asibiti, domin zazzaɓi, ciwon fitsari ko ƙarancin ruwa a jiki na iya jawo haka.