Yadda bututun abinci ke rikiɗa ya ɗauki kamar hanji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙarfe bakwai da rabi na safe ne a nan Ingila, gari bai gama wayewa ba, ni kaɗai ne a ɗakin gwaje-gwaje. Ku yi haƙuri da gurnanin firiza, ba dama in kashe ta. An sha tambayata, "Wai kai me kake bincika ne haka shekara da shekaru?" To yau ga amsa.

Bari in juya kyamara. Kun ga hoton nan? Cikin bututun abinci ne, wanda ke kai loma daga maƙogwaro zuwa tumbi, tsawonsa kamar santimita 25. Daga sama fari-fari ne sumul. Amma ku dubi ƙasa, dab da bakin tumbi, wani ja-ja ya hauro kamar harsunan wuta. Shi ake kira Barrett, da sunan likitan fiɗa Norman Barrett wanda ya yi rubutu a kai a Landan a 1950.

Mafarinsa ƙwannafi ne mai daɗewa. Ruwan tsamin ciki da na matsarmama su yi ta haurowa suna ƙona wurin, yau da gobe, har shimfiɗar wurin ta sauya. Sel-sel (ƙananan ƙwayoyin da suka gina jiki) masu faɗi da ke jere bisa juna su kau, dogaye masu fitar da majina irin na hanji su maye gurbinsu. In ka duba, dabara ce ta kare kai, don majinar tana jure tsami. Sai dai wani lokacin gyara ne ke jawo ɓarna.

Ga abin da ya hana ni barci. Sel ɗin bututu da na hanji duk littafin gado guda suke ɗauke da shi, DNA iri ɗaya, ƙwayoyin gado wajen 20,000. To me ya bambanta su? Shafin da kowa ya buɗe. Zaren DNA na sel guda ya kusa mita 2, an nannaɗe shi kamar zare a kwarkwaro, inda aka ɗaure tamau ba ya karantuwa. Akwai wasu sunadarai da aikinsu ke nan, su kwance nan su ɗaure can. A lafiyayyen bututu p63 da SOX2 ke riƙe da ragama. A Barrett kuwa muryarsu ta yi ƙasa, sai CDX2 da GATA6 da HNF4A su karɓe, su buɗe shafukan hanji a inda ba hanji.

Zo mu leƙa inkubeta, akwatin ɗumi da muke rainon sel-sel a ciki, amma da sauri, ba sa son sanyi. Waɗannan 'yan ɗigo-ɗigon cikin faranti, ƙananan ƙwallaye ne da muka raina daga ɗan naman da marasa lafiya suka ba da da yardarsu. Ina kunna sunadari guda a cikinsu, in jira kwanaki, in ga waɗanne shafuka suka buɗe. Wancan watan fumfuna ta cinye mini faranti shida, aikin sati biyar. Laifina ne, na yi gaggawa. Ranar ko kyamara ban ɗauka ba.

Wani abin dariya: shi likita Barrett ya ɗauka jan wurin nan tumbi ne ya hauro ƙirji. A 1953 wasu likitoci biyu, Allison da Johnstone, suka ce a'a, ainihin bututun ne. Sai ga shi a 2021 ayarin Farfesa Rebecca Fitzgerald a Kambirij sun kawo hujjar cewa asalin waɗannan sel-sel daga saman tumbi suke. Ashe tsohon bai yi nisa da gaskiya ba. Har yanzu dai ana ja-in-ja a kan wannan, ni kuma na fi karkata ga na su Fitzgerald.

Kada wani ya kalli bidiyon nan ya tsorata. Barrett ba cutar kansa ba ce, wato ciwon daji. A cikin masu shi, ƙasa da mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa da kansa a shekara. Haɗarin na ƙaruwa ne idan masu tsaron ƙofa sun faɗi, wato ƙwayoyin gadon da ke taka wa sel birki: aka toshe bakin p16 ko TP53 ya lalace. Wahalar ita ce gane wa zai kai can tun da wuri. Shi ya sa su Fitzgerald suka ƙirƙiro Cytosponge, ɗan soso cikin kafso mai zare. Ka haɗiye, kafson ya narke a tumbi, bayan 'yan mintoci a jawo soson ya kwaso sel-sel a hanya. Amma wanda abinci ke maƙale masa, ko ƙwannafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita zai gani, ba ni ba.

Kun ji ƙararrawa? Lokacin sauya wa 'yan ƙwallayen nan ruwa ya yi, kuma hannu biyu aikin ke so. Bari in sa safar hannu, sai mun haɗu.