Kuɗin Magidanci: Banki, Fili ko Gwal?

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, akwai kujeru a gaba. Abu huɗu na zo da su, in lokaci ya bari.

Na farko, kuɗin ajiya narkewa yake. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki Naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wato miliyan ɗayan da ka kulle shekara guda, lambarta tana nan, amma cefanen da za ta yi na wajen Naira 740,000 ne a da. Kun fi ni sani, ku ke zuwa kasuwa.

Na biyu, fili. To nan fa ku yi haƙuri da ni. Kowa ya samu 'yan kuɗi sai ya ce fili ba ya ruɓa. Gaskiya ne, amma fili yana zama rigima. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99. A doka ma, in fili mai takardar gwamnati ne, sayarwa ba ta cika sai da amincewar gwamna. Mutum nawa a ɗakin nan suka san haka? Alhaji, kai da ka ɗaga hannu, ai dillali ne, ba da kai nake ba. (Dariya.)

Mu ɗauki awon igiya. Gona ce a bayan gari aka yanka ƙafa hamsin-hamsin, ba a fitar da hanya ba, ba a bar magudanar ruwa ba. Takardar ciniki kuwa, falle ɗaya ce da aka yago daga littafin 'yan makaranta, da biro ja, shaidu biyu sun dangwala yatsa, mai unguwa ya buga hatimi. Ban raina mai unguwa ba, Allah Ya ƙara masa girma, amma hatiminsa ba ya hana katafila. Sannan tambayar da ba ku yi: gonar ta wace ce? Sau da yawa ta gado ce, ba a raba ba. Babban wa ya sayar, ka zuba harsashi, sai ga ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta zo da sammaci. Kuma tana da gaskiya! Tana da gaskiya, haƙƙinta ne. Saboda haka ka nemi takardar rabon gado ta kotu. Ka je ma'aikatar filaye, ko KANGIS, hukumar adana bayanan filaye, in a Kano ne, a duba maka ko gwamnati ta ware wurin don wani aiki. Kuma ka je ka gan shi a watan Agusta. A Agusta na ce, ba da rani ba. Filin da ka gani fes a Maris, da damina kwaɗi ne masu gidan.

Bari in ƙara, har yanzu a kan fili. Kango. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000, mutane da yawa ginin ya tsaya musu a linta. Kango ba ya kawo haya, kana biyan taka hayar, ruwa yana cin bulo. Ni a ganina gara ɗaki biyu da rufi ka tare, da ɗaki shida da akuya ke kwana.

Na uku, ko na huɗu muke? Ko ma dai wanne. Mai gudun kuɗin ruwa yana da mafita: bankin Musulunci na Jaiz ya buɗe tun 2012, bankin TAJ ya biyo baya a 2019, kuma gwamnatin tarayya ta fara sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, a 2017 da Naira biliyan 100 na aikin hanyoyi. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren ninka kuɗi da suka rushe da kuɗin mutane. Na wuce wannan.

Hajiya, kina da tambaya? A miƙa mata. Ta ce ita ba ta da kuɗin fili, tana adashi, in ta ɗauka gwal za ta saya ko me?

Hajiya, gwal yana bin dala, kuma ranar da yaro ya kwanta asibiti kafin azahar kin mayar da shi kuɗi, fili kuwa sai kin jira mai saye. Amma in za ki sayar, ba a biyan ki kuɗin ƙira, nauyi kawai ake aunawa, don haka ki zaɓi mara ado da yawa, a auna a gabanki, a rubuta miki giram da karat a rasit. In na ajiya ne ya kai giram 85 ya shekara, akwai zakka, ki tuntuɓi malaminki. Adashin kuma, a irin wannan tsadar, mai ɗaukar ƙarshe ita ke asara. Ku roƙi uwar adashi a riƙa juya layi, wadda ta zo ƙarshe wannan karo ta fara a zagaye na gaba.