Tsakuwar Madaciya da Ciwon da Muke Ta Kira Olsa

(Laccar da wani likitan tiyata ya gabatar a wani zauren taro a Bauchi, an rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Iyayena mata da ke can gefe, sannunku da haƙuri, an ce tun bayan Azahar kuke zaune. Abu uku na zo da su: mece ce tsakuwar madaciya, yadda take kunno ciwon fankiriyas, sai tiyata da zaman da ke bayanta.

Na farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan ragon layya ana feɗe shi ya san madaciya, wasu su ce matsarmama. 'Yar jakar nan koriya da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda mahauci yake lallaɓawa ya cire don kada ta fashe ta ɓata nama. Akwai mahautan kasuwar Muda Lawal a nan? To ku ne malamaina yau. (Dariya.) Ba ita take yin ruwan ɗacin ba, hanta ce ke yi, kamar rabin lita ko fiye a yini. Ita madaciya rumbu ce kawai, abin da take ɗauka bai wuce cokali uku ko huɗu ba. Ka ci masa an kwarara mata man shanu, sai ta matse ta feso ruwan cikin hanji ya narkar da maiƙon. Idan ruwan ya yi kauri ya daskare, shi ne tsakuwa. An fi samunta a mata, musamman masu yawan haihuwa, da masu ƙiba, da waɗanda suka haura 40. Sai 'ya'yanmu masu sikila, su tasu baƙa ce, daga fashewar ƙwayoyin jini take, kuma tun suna yara sukan samu. Da yawa suna yawo da ita har ƙarshen rayuwa ba su sani ba.

Amma bari in tsaya a nan, don abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. A garin nan duk abin da ya motsa tsakanin ƙirji da cibiya, sunansa olsa. Baiwar Allah za ta zo ta ce, likita, shekara shida ina fama da olsa. Wa ya gaya miki? Mai kyamis. Ya duba cikinki? A'a, farin maganin nan na kwalba ya ba ni. An taɓa yi miki sikanin? Sai ta yi shiru. Shekara shida, jama'a! Kuɗin da ta zuba a kwalaben nan da ya biya hoton ciki sau nawa? Ni ban ce babu olsa ba, akwai ta. Amma ciwon da yake taso miki bayan kin ci soyayyen nama, ya riƙe ki a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya harba har kafaɗa, ya yi awa ɗaya ko biyu da dare sannan ya sake ki, wannan a je a duba madaciya. Na sake faɗa, a je a yi sikanin. Ba allura, ba yanka, ɗan ruwa mai sanyi za a shafa a ciki a ɗora na'ura. Alhaji, na ga kana kallon Hajiya, Allah ya sa ba da ita nake ba. (Dariya.)

To ina fankiriyas ya shigo? Wata gaɓa ce doguwa kwance a bayan tumbi, ita ke yin insulin mai daidaita sukari a jini, ita kuma ke yin ruwan da ke narkar da nama da kitse. Bututunta da bututun madaciya ƙofa ɗaya suke bi su shiga hanji, kamar gida biyu masu zaure ɗaya. Ku riƙe wannan: ba babbar tsakuwa ce ta fi ba mu tsoro ba. Babbar ba ta iya fita, tana nan zaune a jaka. Ƙaramar, mai girman ƙwayar dawa, ita ce take silalowa ta toshe zauren. Ruwan da aka tanada don narkar da tsire sai ya koma yana cin gidan da ya fito. Wanda ya taɓa yi ba ya mantawa. Ciwo a saman ciki kamar an soka mashi ya ɓulla ta baya, amai babu tsayawa, kwanciya rigingine ta gagara, sai dai mutum ya zauna ya duƙa gaba. Wani idonsa ya yi rawaya, a ce shawara ce, a kawo jiƙo. Wannan ba na jiƙo ba ne, kuma ba na jiran gari ya waye ba ne. A tafi asibiti a daren, ga Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa nan cikin gari. Za a ɗebi jini a auna, a sa ƙarin ruwa, a ba da maganin raɗaɗi. Kamar 8 cikin 10 ciwon yakan lafa cikin kwanaki. Ragowar kuwa yana iya taɓa ƙoda da huhu, har ya yi kisa.

Na huɗu... uku na ce ko? To na ukun. Tiyata. Da ciwo ya lafa sai mu ce a cire madaciyar, idan kamun mai sauƙi ne ma tun kafin a sallami mutum. A nan ake gudu. Likita ai na warke, bari a gama girbi, bari a yi bikin yarinya. Jakar tana nan cike, wadda ta fito ta bar 'yan uwanta a baya, kuma dawowa ta biyu ba ta yi wa kowa alkawarin sauƙi ba. Aikin ba sabo ba ne, tun 1882 wani likita Carl Langenbuch ya fara yin sa a Balin ta Jamus, a 1985 kuma Erich Mühe ya yi shi ta ƙaramin huji da na'urar leƙa ciki. Yanzu ƙananan huji huɗu ake yi, wani lokaci dole a buɗe ciki, duk aiki ne. Bayan an cire, hanta tana ci gaba da aikinta, ruwan yana ɗiga kai tsaye cikin hanji. Wasu sukan yi ɗan zawo na makonni idan sun ci maiƙo, a rage mai a ci kaɗan-kaɗan. Ana haihuwa, ana noma, ana azumi bayan an warke. Lokaci ya ja, akwai... na'am Baba, a miƙa mata abin magana.

(Wata dattijuwa ta yi tambaya kan shan man zaitun da lemun tsami don fitar da tsakuwa.)

Allah ya saka da alheri, Baba, na ji daɗin wannan tambaya. 'Yarki ce ta gani a waya ko? Na sani. Ana sha, da safe a ga wasu dunƙule-dunƙule kore a bayan gida a ce tsakuwa ta fita. Baba, man ne da lemun suka haɗu a hanji suka dunƙule, kamar yadda kuke haɗa mai da toka ku yi sabulu. A koma sikanin, tsakuwar tana nan inda take. Abin da ya fi damuna kuma, kofi guda na mai ai umarni ne ga madaciya ta matse da dukkan ƙarfinta. Idan akwai ƙaramar nan mai kamar dawa a bakin ƙofa, kin tura ta zaure da hannunki. Ki ce mata ta ajiye man a yi miya da shi, ta kawo mini takardar hoton nata ranar Litinin in gani.