Jawabin maraba ga Mai Girma Hakimi a ziyararsa ofishin 'yan kwana-kwana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Hakimi, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Dagatai da masu unguwanni da liman da sauran iyayenmu da suka rako shi, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. A madadin duk ma'aikatan wannan ofishi ina maku barka da sauka. Mu dai mun saba mu ne muke zuwa ƙofar mutane da jiniya a guje, yau ga shi an zo tamu ƙofar cikin natsuwa, wallahi yaran nan tun asuba suke goge mota.

Ranka ya daɗe, yawancin jama'a sun ɗauka aikinmu feshin ruwa ne. Ruwa na biyu ne. Abu na farko idan mun sauka shi ne, akwai mutum a ciki? Mutum nawa, wane ɗaki? Saboda wanda gobara ta rutsa da shi yawanci hayaƙi ne yake gamawa da shi tun wuta ba ta taɓa jikinsa ba, musamman hayaƙin katifar soso da kujerun kushin da leda, wannan guba ce zalla.

Ga wannan tukunyar iskar da ke gabanka, wadda muke goyawa muna shaƙa a cikin hayaƙi. Ana cika ta zuwa ba 300 (ba ɗin nan ma'aunin matsin iska ne), a takarda za ta kai mutum minti 40 da ɗoriya amma ga wanda yake rarrafe da kaya a baya cikin zafi yana haki, da ƙyar ya ci rabin awa, kuma idan ta sauka wajen ba 55 sai usur ɗinta ya fara ƙara, to ko me kake yi fita za ka yi. Ba ma shiga ɗaiɗai, biyu-biyu ne, ga igiya da ake ja daga ƙofa, ga mutum ɗaya a waje da allo da agogo yana rubuta sunan wanda ya shiga da ƙarfe nawa da iskar da ya shiga da ita. A ciki ba ka ganin tafin hannunka, tocila ma sai a hankali. Sai ka ɗora hannu a bango, idan da hagu ka fara da hagun za ka bi har ka zagayo, kana shara da ƙafa da ɗaya hannun, ƙofa kuwa sai ka taɓa ta da bayan hannu kafin ka buɗe, don ɗakin da wuta ta cinye iskarsa idan ka banka ƙofar lokaci ɗaya ka ba ta abinci ke nan.

Yara su ne suka fi ba mu wahala, don yaro ba ya gudu waje, ɓuya yake. Ni da hannuna na taɓa zaro yarinya 'yar shekara huɗu daga ƙarƙashin gado bayan kwallaye, ta ƙudundune da zanen uwarta, sau biyu na wuce gadon ban ji ta ba sai da takalmina ya taɓa ƙafarta. Alhamdu lillahi ta rayu. Amma da a bakin ƙofa an ce mana ɗakin kudu take da ba mu ɓata minti shida a falo ba, mutum goma ne suke mana ihu lokaci ɗaya kowa da ɗakin da yake nunawa.

Wannan ne ya sa zuwanka ya fi mana komai, domin maganar da mai unguwa zai faɗa bayan sallar magariba ta fi tamu shiga kunne. Muna roƙo a faɗa wa mutane su kira mu da wuri, ko lambar ofis ko 112, kar a tsaya sai bokiti ya gaza. Mutum ɗaya daga gidan ya tsaya ya yi mana bayani, sauran a ba mu hanya, masu ɗaukar bidiyo da waya su ja baya, masu kasa kaya a bakin lungu su ma a yi musu magana. Sai ƙarfen taga. Mun san don ɓarayi ake sa shi ba mu ce a cire ba, amma ko taga ɗaya a ɗakin kwana a yi mata mai buɗewa a rataye makullin kusa, yanka ƙarfen nan yana cin iskar da ya kamata mu nemi mutum da ita. Ga hunturu ya kawo kai, lokacin kaskon garwashi a ɗaki da hitar ruwa da ake mantawa a jone sai an kawo wuta tsakar dare, ga jarkar fetur ɗin janareta a bayan ƙyaure. Duk mun tuna gobarar kasuwar Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016, shaguna sama da 3,000 suka tafi, kuma cikin dare ta tashi.

Yanzu in ka yarda, ranka ya daɗe, za mu zagaya baya inda muka turnuƙe ɗakin atisaye da hayaƙi, mun ɓoye mutum-mutumi a ciki, ma'aikatanmu biyu za su shiga nemansa, kai za mu ba agogon ka riƙe. Masu unguwanni duk mai son gwada takunkumin nan a fuskarsa bismillah. Daga nan sai a dawo a ɗan jiƙa maƙoshi.

Allah ya tsare mu da gobara, ya mai da ku gida lafiya. Mun gode.