Giyar Hilux tana ƙara ko tana ƙin shiga? Kada a sauke ta tukuna

Assalamu alaikum jama'a. Kwanakin nan masu Hilux mai giyar hannu suna ta tambaya ɗaya: ribas tana gurzawa, lamba ɗaya sai an danna da ƙarfi, shin giyar ce ta mutu? Sau da yawa giyar lafiyarta ƙalau, kuloci ne ba ya sakin ta gaba ɗaya.

Ga gwajin, ba ya cin minti 2. A kashe inji, a taka kuloci, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sun shiga sumul? To a tayar da inji, a taka kuloci har ƙasa, a ɗan dakata, a nemi ribas. A saurara ko za ta yi ƙara. In da inji a kashe tana shiga, da ya tashi kuma ta ƙi, laifin na kuloci ne. Yanzu a taka sau 5 ko 6 da sauri a sake gwadawa. Idan ta yarda ta shiga, to iska ce a cikin layin man kuloci, ko robar kuloci na sama (famfon da feda ke turawa) ta gaji.

Sauran dalilan mu wuce su da sauri. In sandar giya tana lilo, robar gindinta ce ta cinye, kuɗinta kaɗan ne. In giya ɗaya tak ke ƙara, galibi lamba biyu ko uku, zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora ne ya sile, wannan kam sai an buɗe. In da sanyin safiya take tauri, ta saki bayan an yi tafiya, a duba man giya. Ana kwance notin zuba mai da ke gefen giya, mota tana kan wuri madaidaici, mai ya kamata ya kawo bakin ramin. Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015 tana shan 75W-90. Mai kauri irin na manyan motoci taurin giya yake ƙarawa.

To mu zo inda ake yin kuskure, wato fitar da iska.

Ga yadda hanyar man kuloci take. Kuloci na sama yana bayan feda, na ƙasa yana jikin giya, bututu ya haɗa su, man birki DOT 3 ne a ciki. Mai ba ya matsuwa, duk abin da ƙafa ta tura yana isa ƙasa. Iska kuwa matsewa take yi. Kumfa kaɗan ya isa ya cinye wani ɓangare na takun, farantin kuloci ya ci gaba da juya giya alhali ƙafarka tana ƙasa.

Aikin na mutum biyu ne. A cika kofin mai zuwa layin sama. A sa siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki a kan ɗan notin fitar da iska na kuloci na ƙasa, ɗaya bakin a nutsa shi cikin kwalba mai ɗan man birki. Na cikin mota ya taka a hankali sau 3 ko 4, ya riƙe a ƙasa. Ya riƙe fa. Na ƙarƙashi ya sassauta noti kaɗan, mai da kumfa su fito, ya ɗaure. Sai an ɗaure sannan a ɗaga ƙafa.

Bari mu maimaita wannan wurin a hankali, ku kalli tiyon. In an ɗaga ƙafa noti yana buɗe, za ku ga man ya koma baya. Zuƙo iska ya yi. Abin da aka fitar an mayar da shi ke nan, a kwashe awa guda ana takawa, yaron gareji ya yi sharkaf da gumi, feda tana nan laushi. Shi ya sa magana take da muhimmanci a tsakaninsu: «taka», «na riƙe», «na ɗaure», «saki». Kada wanda ya motsa sai ya ji kalmarsa. Ni a ganina, a kashe rediyo ma a lokacin.

Feda tana iya kwantawa a ƙasa ta ƙi dawowa, ba lalacewa ba ce, a ɗago ta da hannu a hankali. Bayan kowane zagaye 3 a leƙa kofi a ƙara mai, don in ya ƙafe, iska ta shiga ta sama, an koma farko. Ana ci gaba har sai mai ya fito garau babu kumfa. Wanda ya taru a kwalba ba a mayar da shi, kuma in ya ɗiga a kan fenti a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

An gama? A auna. Wasan feda, wato inda take tafiya kafin ta fara tauri, milimita 5 zuwa 15. Wurin da kuloci ke saki kuma ya kasance aƙalla milimita 25 daga ƙasa.

Iska ba ta shiga haka kawai, akwai inda ta bi. A haska fitila a bayan feda, a kuma ɗaga robar da ta rufe kuloci na ƙasa. Duk inda aka ga danshin mai, a canza wannan kayan, in ba haka ba matsalar za ta dawo. Idan ko'ina a bushe yake, feda ta yi ƙarfi, amma ribas tana gurzawa har yanzu, to faranti ya lanƙwashe, ko murfin da ke matse shi ya gaji, ko ƙaramin boris ɗin da ke riƙe kan ƙarfen da ke kai juyin inji cikin giya ya cije. A nan ne ya dace a sauke giya, kuma tun da an sauke, a canza faranti da murfi da boris gaba ɗaya.