Alƙalami da Fenti Bayan Bam: Shaidar Mutanen Hiroshima da Nagasaki

HADIZA: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ni ce Hadiza, tare da ni kuma akwai Malam Auwal, malamin adabi, da Malam Bello, wanda ya daɗe yana koyar da zane. Yau za mu duba ayyukan waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, da Nagasaki ranar 9 ga watan. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen shekarar kimanin mutum 140,000 sun rasu a Hiroshima, kimanin 74,000 kuma a Nagasaki, waɗanda suka rayu kuwa Japanawa na kiran su hibakusha. Malam Auwal, yaushe suka fara rubutu?

AUWAL: Tun toka ba ta huce ba, Malama. Marubuciya Ota Yoko ta gudu ƙauye bayan bam ɗin, tana ganin mutanen da ko ƙwarzane ba su samu ba suna zubar gashi suna mutuwa, sai ta ɗauka ita ma kwananta ya kusa ƙarewa. Saboda haka ta yi ta rubutu cikin gaggawa a kan kowace 'yar takarda ta samu. Bugawa ce ta zama jan aiki, domin tun watan Satumbar 1945 hukumar sojan mamaya ta Amurka ta kafa dokar tace rubuce-rubuce, batun bam yana cikin abubuwan da aka fi sa wa ido. Littafinta ya fito a 1948 a yanke, cikakkensa kuwa sai 1950. Wata mawaƙiya, Shoda Shinoe, ba ta ma nemi izini ba, a ɓoye aka buga mata gajerun waƙoƙinta a 1947, tana raba wa mutane hannu da hannu.

HADIZA: Ke nan shekarun da ciwon ya fi zafi su ne aka fi toshe musu baki.

AUWAL: Haka ne. Likita Nagai Takashi na Nagasaki, wanda matarsa ta rasu a bam ɗin, an bari littafinsa ya fito a 1949 bisa sharaɗin a haɗa masa da bayanin ta'asar da sojojin Japan suka yi a Manila, babban birnin Philippines.

BELLO: Ta fannin zane kuwa, ba ƙwararrun ne suka fi tsaya mini a rai ba. A 1974 wani dattijo mai shekara 77, Kobayashi Iwakichi, ya shiga gidan talabijin na NHK a Hiroshima da zanen abin da ya gani a bakin wata gada a ranar. Tashar ta nemi sauran waɗanda suka tsira su aiko nasu, aka sami fiye da 2,000. Yawancinsu ba su taɓa koyon zane ba, hannu ya fi jiki tsawo, fuska ta karkace, wasu a bayan kalanda ko takardar talla suka yi, sannan suka rubuta wuri da lokaci a gefe. Hotunan kyamara da aka ɗauka a cikin birnin a ranar ba su taka kara sun karya ba, don haka waɗannan zane-zane su ne idon da muke ganin ranar da shi.

HADIZA: To, ku gafarce ni, malamai. Yau ƙasashe tara ke riƙe da makaman nukiliya, babu waƙar da ta kwance ko guda. Ƙari a kan haka, da yawa a Sin da Koriya suna ganin Japan tana ɗaga Hiroshima ne domin a manta abin da sojojinta suka aikata a ƙasashensu. Ina zaman lafiyar yake a nan?

AUWAL: Wannan zargi su kansu marubutan sun riga mu jin sa. Kurihara Sadako ta shahara da waƙar wata mata da naƙuda ta kama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa cike da waɗanda bam ɗin ya raunata, wata ungozoma mai mummunan rauni ta karɓi haihuwar. Da Kurihara ta tsaya nan, da kowa ya ci gaba da yi mata tafi. Amma a 1972 ta rubuta wata waƙar da ke nuna cewa idan Bajapane ya ambaci Hiroshima, za a amsa masa da Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka da Japan ta kai wa hari, da Nanjing, birnin Sin da sojojinta suka yi kisan kiyashi, da Manila, kuma masu amsar suna da gaskiya. A ganina, daga nan wannan adabi ya tashi daga makoki ya zama aikin sulhu, domin wanda aka zalunta ya yarda ya faɗi laifin gidansu.

BELLO: Irin wannan ya faru da Maruki Iri da matarsa Toshi, waɗanda suka shiga Hiroshima kwanaki kaɗan bayan bam ɗin don neman dangi. Sun fara nuna manyan zanensu a 1950, suka kai guda 15 a 1982. Da suka kai su Amurka a 1970, masu kallo suka tare su da tambayoyi masu zafi. Da suka koma gida sai suka zana fursunonin yaƙi Amurkawa da suka mutu a Hiroshima, suka zana gawarwakin 'yan Koriya da aka bari a yashe hankaki na ci, alhali da yawansu tilas aka kawo su aiki, daga baya kuma suka zana kisan kiyashin Nanjing.

HADIZA: Kuma an karɓi wannan a gida da hannu bibbiyu?

BELLO: Ina! Nakazawa Keiji yana da shekara shida lokacin bam ɗin, ya rasa mahaifinsa da yayarsa da ƙanensa. Labarinsa na zane da ya fara fitowa a 1973 bai raga wa Amurka ba, bai kuma raga wa sarkin Japan da sojojinsa ba. A ƙarshen 2012 hukumar ilimi ta birnin Matsue ta hana yara ɗaukar sa kai tsaye a ɗakunan karatu na makarantu, sai da aka yi mata ca a 2013 sannan ta janye.

AUWAL: Kada kuma mu raina tasirin shaida, Malama. Ƙungiyar hibakusha, Nihon Hidankyo, wadda aka kafa a 1956, ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, saboda shaidarsu ta taimaka wajen mayar da amfani da wannan makami abin ƙyama.

HADIZA: Sai dai a 2025 adadin waɗanda suka tsira ɗin ya yi ƙasa da 100,000, matsakaicin shekarunsu kuma ya haura 86. Wa zai ci gaba?

BELLO: Tun 2007 ɗaliban makarantar sakandare ta Motomachi a Hiroshima suke zama da tsofaffin na tsawon watanni, tsoho yana ba da labari, yaro yana zanawa, tsoho yana cewa a gyara launin nan, a sauya tsayuwar can, har sai ya gamsu.

AUWAL: Ni dai ina da ja, Malam. Ƙwarewar ɗalibi na iya ƙawata abin da bai kamata a ƙawata ba.

BELLO: Shi ya sa ba a cewa an gama sai mai labarin ya amince.

HADIZA: Lokaci ya cim mana, sai mu ɗora daga nan a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mun gode, malamai.